YADDA ZA KA ZAƁI ZARTO MAI BIN ZANE

1. Aikin wannan zarto

Ya kai mai karatu, in ka bi ta bakin titi a Dutse, ko Birnin Kudu, ko Jahun, bayan an gama girbi, ba ka rasa ganin gadaje da kujeru jere a ƙofar rumfunan kafintoci. Lokacin ne a kan yi yawan bukukuwan aure, iyaye kuwa suna ta neman kayan ɗakin 'ya'yansu mata. To, tsaya ka dubi kan gado guda. Za ka ga ba a miƙe aka yanka shi ba. Nan ya tashi kamar tozon sa, can ya lanƙwasa kamar jinjirin wata, a tsakiya kuma an fafe katakon an fitar da surar fure. Zarton hannu wanda ka sani ba ya iya wannan aiki, gama faɗinsa ba ya barinsa ya juya a cikin katako. Abin da ke yinsa wani ɗan inji ne mai aiki da lantarki, wanda Turawa ke kira jigso. Mu kuwa cikin wannan darasi za mu riƙa ce da shi zarto mai bin zane, domin aikinsa ke nan: ka ja layi bisa katako da fensir, shi kuwa ya bi layin duk inda ya nufa.

Kuɗin wannan zarto ba kaɗan ba ne. Yaron da ya gama koyon sana'a wajen maigidansa ya kan yi wata da watanni yana zubin adashi kafin ya iya sayensa, wani ma sai ya sayar da akuya ko buhun gero. In ya sayo marar kyau, hasararsa uku ce. Ga kuɗinsa sun tafi. Ga katakon mutane ya ɓata. Ga kuma sunansa ya zube, gama uban amaryar da aka kai wa gado a karkace ba ya komowa, ba ya kuwa yin shiru.

Saboda haka ka riƙe wannan magana tun daga farko. Kyan zarto ba ga launinsa ya ke ba, ba kuwa ga girman lambar da aka buga a kwalinsa ba. Zarto mai kyau shi ne wanda ya dace da aikinka da wutar da ka ke samu, wanda wuƙarsa ke tsayawa ƙyam cikin katako ba ta karkata, wanda kuma in ya lalace a kan sami kayan gyaransa kusa.

2. Asalinsa

Tun kaka da kakanni akwai masassaƙa a ƙasar Hausa. Da gatari da gizago su ke fitar da turmi daga kirya, da allo daga aduwa, da akushi, da kujerar mata. Amma su daga gungume su ke sassaƙowa. Aikin kafinta, watau a yanka fallen katako da zarto a haɗa da ƙusa, a zamanin Turawa ya yaɗu.

Shi kuwa zarto mai bin zane, a ƙasar Suwizalan aka ƙago shi. A shekarar 1946 wani injiniya mai suna Albert Kaufmann, wanda ke aiki a kamfanin Scintilla a garin Solothurn, ya lura da yadda allurar keken ɗinki ke hawa da sauka da sauri. Sai ya cire allurar keken matarsa, ya sa guntun zarto a wurinta, ya gwada bisa katako, ya ga ya yanka. A 1947 kamfanin ya soma ƙera shi don sayarwa. A 1954 kamfanin Bosch na Jamus ya karɓi Scintilla. A 1966 suka ƙara masa wata dabara mai sa wuƙar ta riƙa ɗan tunkuɗawa gaba tana hawa, don yanka ya yi sauri. A 1989 kuma suka fito da hanyar sauya wuƙa ba tare da kwance noti ba.

Ka ga ke nan, in ka san keken ɗinki, ka san rabin labarin wannan zarto. Tela kan riƙe yadi ya bi da shi ƙarƙashin allura. Kafinta kuwa katakon ya kan kafe, ya bi da injin a kansa.

3. Sassan jikinsa

Abu biyar ya kamata ka sani a jikinsa. Na fari injin da ke ciki, wanda wuta ke juyawa. Na biyu sandar ƙarfe wadda ke hawa da sauka. Na uku siririn ƙarfe mai haƙora wanda a ke maƙalawa a bakin sandar, shi za mu kira wuƙa. Na huɗu faifan ƙarfe na ƙasa wanda ke zama bisa katako, shi za mu kira ƙafa. Na biyar wata 'yar taya mai tsagi a bayan wuƙar, wadda ke tokare ta.

To, ga abin da ya fi kome muhimmanci. Wuƙar nan ta sama kaɗai aka riƙe ta, ƙasanta a sake ya ke. Don haka in katako ya yi kauri, ko ya yi tauri, ko mai aiki ya matsa da ƙarfi, sai ƙasan wuƙar ya kauce gefe. Ta sama za ka ga ka bi layinka daidai, amma in ka juya katakon sai ka tarar ƙasan ya tafi wani wuri dabam. Wannan shi ne babban aibin irin wannan zarto, nan ne kuma bambancin mai kyau da marar kyau ya ke bayyana. Mai kyau, sandarsa ba ta wasa, 'yar tayarsa tana riƙe da wuƙa sosai, ƙafarsa ba ta motsi. Marar kyau, ko da injinsa na da ƙarfin doki, yankansa a karkace ya ke fita.

4. Fara auna aikinka

Kafin ka tafi kasuwa, zauna ka tambayi kanka, wane irin katako na fi yankawa, kuma sau nawa?

In yawancin aikinka na filawud ne, watau fallen nan mai ƙafa 4 a ƙafa 8 wanda a ke yi da siraran katakai manne da juna, mai kaurin rubu'in inci ko rabin inci, to ƙaramin zarto ya ishe ka. Haka kuma in kai mai yin allon shago ne, ko firam na madubi, ko akwatin lasifika.

In kuwa kullum kana yankan kan gado da hannun kujera daga katako mai kaurin inci 1 zuwa inci 2, sai ka nemi matsakaici ko babba. Ka lura kuma katako iri iri ne. Malaina da afara suna da sauƙin yanka. Maɗaci ya fi su tauri, kirya kuwa ta fi maɗaci. Gwargwadon taurin katako, gwargwadon wahalar da wuƙa ke sha.

A kwali za ka ga an rubuta zurfin da zarton ke iya yankawa, wani milimita 65, wani 100, wani har 135. Inci guda milimita 25 ne da ɗan ɗori. Kada wannan lamba ta ruɗe ka. Ita tana faɗin iyakar abin da zai iya hudawa ne, ba iyakar abin da zai yanka da kyau ba. Da zarar katako ya haura inci 2, wuyar tsayar da wuƙa ta kan ƙaru ƙwarai, ko da zarton mai tsada ne.

Ka san kuma abin da ba aikinsa ba ne. Tsaga dogon katako a miƙe daga wannan kai zuwa wancan, aikin babban inji ne mai zarto kewayayye, irin wanda ke wajen 'yan katako. Kada ka sayi zarto mai bin zane don wannan, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

5. Maganar wuta

Nan ne karatun da ka koya zai yi maka rana. A jikin kowane zarto na kirki akwai ɗan allo da aka buga lambobi da haruffa. Karanta shi da kanka, kada ka bari a karanta maka.

Nemi harafin V. Shi ke nuna irin wutar da injin ke so. Wutar ƙasarmu 230 V ce, saboda haka wanda za ka saya a ga an rubuta 220 zuwa 240 V, da kuma 50 Hz. Akwai waɗanda aka ƙera don Amurka, inda wutar gidaje 120 V ce, su kan shigo cikin kayan gwanjo. In ka ga 110 ko 120 V, ka sani in ka jona shi kai tsaye ga wutarmu, ƙonewa zai yi.

Sa'an nan nemi harafin W. Shi ke nuna yawan wutar da injin ke ci. Ƙanana su kan ci 400 zuwa 500 W, matsakaita 550 zuwa 650, manya 700 zuwa 800. Ka lura, wannan lissafin abin da ya ke ci ne, ba na abin da ya ke aikatawa ba. Yawan ci ba shi ne yawan noma ba.

Nemi kuma alamar murabba'i ƙarami a cikin murabba'i babba. Ma'anarta an rufe wayoyin ciki rufi biyu, don kada wuta ta fito ta ja mai aiki.

Bayan wannan sai ka dubi inda wutarka ke fitowa. Tun 2013 kamfanin KEDCO ke rarraba wuta a Jigawa da Kano da Katsina, kai kuwa ka fi kowa sanin awa nawa ta ke zuwa unguwarku. In da janareta ka ke aiki, gwada ƙarfinsa da cin zarton. Ƙananan janaretan nan da a kan rubuta 950 a jikinsu, yawancinsu abin da su ke iya bayarwa a kai a kai bai wuce 650 W ba. Inji kuwa sa'ad da ya ke tashi ya kan ja wuta fiye da abin da aka rubuta masa. Saboda haka in ka ɗora wa irin wannan janareta zarto mai cin 750 W, ka wahalar da su duka biyu.

Akwai kuma mai batir, ba waya. Yana da daɗi ga wanda ke zuwa aiki gidajen mutane, ko wanda ke da faifan hasken rana na yin caji. Yawancinsu 18 V ne. In ka ga wani an rubuta 20 V, kada ka ɗauka ya fi ƙarfi, yawanci batir iri ɗaya ne, wurin aunawa ne ya bambanta. Haruffan Ah su ke nuna yawan wutar da batirin ke ɗauka, mai 4 ya ninka mai 2 daɗewa. Amma ka san abu biyu. Yawanci batirin wannan kamfani ba ya shiga injin wancan. Zafi kuma yana kashe batir, a ƙasar Dutse kuwa cikin watan Afrilu zafi ya kan kai 40 a ma'auni har ya wuce. Kada ka bar shi cikin rana, ko ƙarƙashin kwano da tsakar rana. Tun kafin ka saya ka tambayi kuɗin sabon batir, gama wata rana za ka bukace shi.

6. Gwaji bakwai a gaban mai kanti

Ko a Dutse za ka saya, ko za ka bi ta Wudil ka shiga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari, kada ka yi cinikin biri a sama. Tafi da guntun katako mai tauri, mai kaurin inci 1 da rabi, da fensir, da ma'aunin kusurwa wanda kafintoci ke kira sukwaya. In da hali ka roƙi maigidanka ko wani tsohon kafinta ya raka ka.

Na ɗaya, karanta allon jikinsa kamar yadda aka faɗa a sama.

Na biyu, ɗauke shi ka ji. Nauyin yawancinsu kilo 2 zuwa 3 ne. Wani yana da mariƙi a sama kamar na dutsen guga, wani kuwa jikin injin a ke kamawa. Na farkon ya fi sauƙi ga sabon hannu. Zaɓi wanda ya zauna a tafinka, wanda yatsanka ke kai wa ga makunninsa ba da wahala ba.

Na uku, dubi ƙafar. Cire wuƙa, ka ɗora shi bisa gilashi ko tebur mai santsi, ka danna kusurwoyinsa. In yana rawa, ƙafar a murɗe ta ke. Ƙafa mai kauri wadda aka zuba a zubi ta fi ta siririn ƙarfen da aka lanƙwasa. Yawancinsu a kan iya karkata ƙafar har digiri 45 don yankan gicciye. Karkata ta, ka komo da ita, ka ɗaure, sa'an nan ka murɗa da hannu. In ta motsa bayan ka ɗaure, aje shi.

Na huɗu, ba tare da an jona wuta ba, sa wuƙa, ka kama ta gefen da ba haƙora, ka girgiza hagu da dama. Wuƙa ta kan ɗan lanƙwasa, wannan ba kome. Abin dubawa sandar da ke riƙe da ita. In sandar tana kaɗawa cikin gidanta, zarton ba zai taɓa yanka daidai ba. Dubi kuma ko bayan wuƙar ya zauna cikin tsagin 'yar tayar nan, ko kuwa yana gefe.

Na biyar, a kunna shi. Saurara. Mai lafiya ƙararsa ɗaya ce, ba ta hawa da sauka, ba ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe. Leƙa ta ramukan iska. Ɗan tartsatsi kaɗan ba laifi, amma in wuta na kewaya ciki, ko ka ji ƙaurin waya, akwai cuta. Juya 'yar tayar sauri. Mai kyau ya kan tashi daga kamar bugu 500 a minti har zuwa kamar 3,000. Sauƙaƙa gudu yana da amfani wajen yankan ƙarfe da roba, da kuma wajen shiga lungu. In hannunka ya soma mutuwa don rawar injin cikin minti guda, tuna da yini za ka yi da shi.

Na shida, shi ne uban gwaji. Zana layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji bisa guntun katakonka, ka yanka a hankali da sabuwar wuƙa. Sa'an nan ɗora sukwaya a bakin yankan, wuri uku ko huɗu. In bakin ya tsaya daidai da sukwaya daga sama har ƙasa, ka sami zarto. In haske na wucewa da yawa ta sama ko ta ƙasa, ba ka samu ba. Gani ya kori ji.

Na bakwai, tambayi gyara. Cikin yawancin injinan nan akwai wasu ƙananan gawayi biyu masu kai wuta ga abin da ke juyawa. Su kan cinye da aiki, a sauya su. Ce wa mai kanti ya nuna maka irinsu, da makunni, da 'yar tayar wuƙa. In ya ce sai an aiko daga Legas, ko ya ce ba ya lalacewa, ka yi tunani. Akwai sababbin injina marasa gawayin nan. Su kan daɗe, ba su cin batir da yawa, amma sun fi tsada, gyaransu kuma ba kowane mai gyara ke iyawa ba.

7. Wuƙa ita ce rabin zarto

Zarto mai tsada da wuƙa marar kyau, aikin banza ya ke yi. Matsakaicin zarto da wuƙar da ta dace, sai ya ba ka mamaki.

Fara duban gindin wuƙar, wurin da ke shiga sanda. Iri biyu ne. Ɗaya yana da 'yan kunnuwa biyu, ya yi kama da harafin T. Ɗaya kuwa an yi masa tsagi kamar harafin U. Mai T shi ya fi yawa a duniya yanzu, saboda haka zaɓi zarton da ke karɓarsa, don kada wata rana ka rasa wuƙa.

Sa'an nan ƙirga haƙoran da ke cikin inci guda. Mai 6 tana da sauri, amma bakin yankanta da kaushi. Mai 10 ko 12 ba ta da sauri, amma yankanta sumul. Mai 20 ko fiye yawanci ta ƙarfe ce. Ka'ida ita ce, a kowane lokaci haƙora uku ko fiye su kasance cikin abin da a ke yankawa. Tsawonta kuma ya zama ko da ta hau iyakar hawanta, tsininta yana leƙe ta ƙarƙashin katako. In ya gaza, sai ta daki katako ta karye.

A jikin wuƙa akwai haruffa. HCS ta katako mai taushi ce. HSS ta ƙarfe ce. BIM an haɗa ƙarfe iri biyu, ta fi tsada, amma ta fi daɗewa, ita ta dace da katako mai tauri. Akwai kuma lambobin da kamfanin Bosch ya sa wa nasa, waɗanda wasu kamfanoni ma ke bi. T144D ta yankan sauri ce. T101B ta yanka mai santsi ce. T119BO siririya ce, ta shiga lungu da kewaye, harafin O na ƙarshe shi ke nuna haka. T118A ta siririn ƙarfe ce. Rubuta waɗannan huɗu a takarda ka sa aljihu.

Haƙoran yawancin wuƙaƙe sama su ke kallo, watau wajen hawa su ke yanka. Don haka fuskar katako ta sama ita ke tsattsagewa. In za ka yanka filawud mai ado, kifa fuskar mai kyau ƙasa, ka yi zanenka a baya. Ko kuwa ka nemi T101BR, wadda haƙoranta ke kallon ƙasa.

A gefen zarton za ka ga ɗan maɓalli mai lamba 0, 1, 2, 3. Shi ne na tunkuɗawar nan da aka ƙago a 1966. Lamba 3 ta sauri ce cikin katako mai taushi, in ba a damu da santsi ba. Wajen lanƙwasa, da aikin ado, da ƙarfe, mai da shi 0. Zarton da ke da wannan maɓalli ya fi wanda ba shi da shi.

8. Sabo, da na hannu, da jabu

A kasuwa za ka ga sunaye da yawa, kamar Bosch, da Makita, da DeWalt, da Ingco, da Total. Kowanne yana da manya da ƙanana. Amma ka sani akwai maƙaryata masu buga sunan babban kamfani a jikin abin da ba nasa ba. Kyan ɗan maciji ke gare su. Alamominsu su ne: rubutu mai gogewa da yatsa, harafin da aka juya cikin sunan, rashin lambar ƙira, rashin littafin bayani, siririyar waya, da kuɗin da ya yi arha fiye da hankali. Akwai hukumar gwamnati mai suna SON, wadda aka kafa a 1971 don duba ingancin kaya, amma ba ta tare da kai a gaban kanti. Idonka ne ɗan sandanka. Karɓi rasit mai ɗauke da sunan kanti, da lambar zarton, da kwanan wata, a kuma rubuta sharaɗin mayarwa in an yi.

Na hannu ba laifi ba ne in ya ci gwaji bakwai ɗin nan. Sau da yawa tsohon na ainihi ya fi sabon jabu.

Wajen lissafin kuɗi, kada ka tsaya ga na ranar saye. Ga misali. A ce wannan kuɗinsa kashi ɗaya ne, ya yi wata shida ya mutu, ba kayan gyara. Wancan kashi uku ne, ya yi shekara biyar, ana sauya masa gawayi kawai. Cikin shekara biyar mai sayen na farko zai saya sau goma, watau kashi goma ke nan, ban da katakon da ya ɓata da kwanakin da ya zauna ba aiki. Wane ne ya sayi mai tsada a cikinsu? Araha ba ta ado. Amma kuma kada ka ci bashi ka sayi babban da ya fi aikinka. Ka rage wani abu cikin kuɗin don wuƙaƙe masu kyau da tabarau.

9. Wanda ba shi da wuta

In kana ƙauye a ƙasar Kiyawa, ko Miga, ko Buji, ko Gwaram, inda wuta ba ta kai ba, kada ka ce an bar ka a baya. Akwai zarton hannu mai kama da baka, ƙarfe ne lanƙwasasshe, an ɗaura masa siririyar wuƙa kamar tsirkiya. Da shi a ke yin wannan aiki tun kafin a ƙago na lantarki. Ba shi da sauri, kuma ba ya shiga tsakiyar katako fiye da zurfin bakansa. Amma da ya ke an riƙe wuƙarsa ta kai biyu, ba ta kaucewa da sauƙi. Wajen zaɓensa, dubi bakan ya zama mai ƙarfi, ya ja wuƙar ta yi tsauri, in ka taɓa ta ta yi ƙara kamar tsirkiyar garaya. Wanda hannunsa ya saba bin layi da wannan, ran da ya sami na lantarki ba ya shan wuya.

10. Tsare kanka, ka tsare zartonka

Kada ka taɓa sauya wuƙa sai ka zare waya ko ka cire batir. Kafe katako bisa tebur da abin matsewa, kada ka danne shi da gwiwa. Kada ka sa yatsu ƙarƙashin katako, gama wuƙar tana can inda ba ka gani. Tuɓe babbar riga, ka naɗe hannun taguwa. Sa tabarau. Bar waya a bayanka. Ɗora ƙafar zarto bisa katako, ka kunna, ka bari ya ɗauki gudu kafin wuƙa ta taɓa. In ka gama, bari wuƙa ta tsaya kafin ka ɗaga. Kada ka tura da ƙarfi, bar haƙora su ci da kansu. Wuƙa in ta dakushe, ko ta soma ƙona katako, jefar da ita.

Rufe hanci da baki, gama ƙurar katako ba abin wasa ba ce. A 1995 hukumar duniya mai binciken ciwon daji, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbata suna jawo wannan ciwo, musamman a cikin hanci. Yi aiki inda iska ke wucewa.

Kowace yamma ka hure ƙura daga ramukan iskar injin, balle da hunturu. Ɗiga wa 'yar tayar wuƙa ɗigon mai lokaci lokaci. In jikin injin ya yi zafi har ba ka iya riƙewa, bari ya huta. Ajiye shi cikin akwati, nesa da damshi da hannun yara.

To, ka ji yadda a ke zaɓen zarto mai bin zane. Auna aikinka, ka san wutarka, ka karanta allon jikinsa, ka yanka ka gwada da sukwaya, ka tambayi kayan gyara, sa'an nan ka ciro kuɗi. Mai kanti na gari ba ya jin haushin mai gwadawa. Wanda ya hana ka gwadawa kuwa, ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kwalin.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙasan wuƙar wannan zarto ya kan kauce cikin katako mai kauri?
2. Ka ga zarto an rubuta 120 V a jikinsa. Me zai faru in ka jona shi ga wutarmu?
3. Janaretanka yana ba da 650 W. Wanne za ka saya, mai cin 500 W ko mai cin 750 W? Don me?
4. Wace wuƙa za ka sa in za ka fitar da surar fure a kan gado? A wace lamba za ka sa maɓallin gefe?
5. Faɗi gwaji bakwai ɗin nan da ka, sa'an nan ka rubuta su a takarda.